ƘANZON BUTUTU: YADDA AKE KANKARE HANYOYIN MAKEWAYI MAI ZUƘA A JIRAGEN RUWA



Batun da zan yi magana a kansa yau batu ne da Bahaushe ba ya son ambatonsa a bainar jama'a. Shi ya sa ma ya yi wa wurin sunaye iri-iri na sakayawa, ya ce bayan gida, ya ce bayi, ya ce makewayi, ya ce ban ɗaki, duk dai don kada bakinsa ya kama ainihin abin. Saboda haka ina neman afuwar dattawan da ke zaune a nan tun daga farko, domin akwai wuraren da tilas in kira abu da sunansa.

A watan Maris na 2020, ofishin da ke bin diddigin kuɗaɗen gwamnatin Amurka ya miƙa wa majalisar dokokin ƙasar wani rahoto game da ɗawainiyar kula da jiragen ruwan yaƙi. A ciki aka bayyana cewa manyan jiragen nan biyu masu ɗaukar jiragen sama, watau George H. W. Bush da Gerald R. Ford, bututan makewayinsu suna yawan toshewa, har ya zama dole a riƙa wanke su da asid a kai a kai, kuma kowane wanki yana cin kimanin dala 400,000. Shi jirgin Ford ɗin nan, wajen dala miliyan dubu 13 aka kashe kafin a gama ƙera shi. To, abin da ya iya tsaya wa irin wannan jirgi a maƙogwaro, ina ganin ya cancanci mu ba shi awa guda.

SUNAYEN ABUBUWA

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi biyu. Na farko, irin makewayin da ake magana zan kira shi makewayi mai zuƙa, domin ba ruwa ne ke tura ƙazanta a cikinsa ba, iska ce ke fizgar ta. Duk wanda ya taɓa shiga ban ɗakin jirgin sama ya danna maɓalli ya ji wata ƙara kamar za a haɗiye shi, to ya riga ya san shi. Na biyu shi ne abin da ke taruwa a cikin bututun. Wasu za su ce tsatsa, amma tsatsa ƙarfen ne da kansa yake lalacewa, wannan kuwa baƙo ne da ya zo ya manne, har a bututun roba ma yana kamawa. Wasu za su ce dauɗa, amma dauɗa ruwa da sabulu suna fitar da ita. Ni dai ban ga kalmar da ta fi ƙanzo dacewa ba. Ƙanzo ragowar abin da ya bi ta cikin tukunya ne, yana kamawa a hankali, yana bushewa ya yi tauri, kuma ba ya fita sai an jiƙa ko an kankare. Waɗannan siffofi duka suna tattare da abin da muke magana, don haka ƙanzon bututu za mu ce.

YADDA MAKEWAYI MAI ZUƘA YAKE AIKI

Makewayin zamani da muka saba gani a gidaje dogaronsa ga abu biyu ne, ruwa mai yawa da gangare. Ana sako lita 6 zuwa 9, tsofaffin ma fiye da haka, ruwan ya kwashi ƙazanta ya gangara da ita ta bututu mai faɗin milimita 100 ko fiye. A tudu wannan ba laifi. A jirgin ruwa kuwa abu biyun nan duka tsada gare su. Gangare ba shi da tabbas, tun da jirgi yana tangaɗi, abin da yake gangare yanzu an jima ya zama hawa. Ga kuma ƙarancin wuri, ga ɗakuna da yawa da ke ƙasa da tankin da za a zuba ƙazantar. Ruwa kuwa, mu ɗan yi lissafi. A ƙaddara jirgi yana ɗauke da mutum 5,000, kowa yana kewayawa sau 6 a yini da dare. Sau 30,000 ke nan. In kowane zuwa lita 9 ne, an sami lita 270,000, watau tan 270 na ƙazamin ruwa kullum, wanda sai an nema masa wurin ajiya. In kuwa lita ɗaya ce da 'yan kai, kamar yadda mai zuƙa yake sha, abin bai fi tan 30 zuwa 40 ba. Kuma mutum 5,000 ba ƙari na yi ba: jirgin shaƙatawa Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, in ya cika maƙil, fasinja da ma'aikata sun kusa 10,000.

Dabarar ita ce, a ƙasan jirgi akwai injin da ke zuƙe iskar cikin bututai dare da rana, har sai kimanin rabinta ya fita. Iskar da muke zaune a cikinta tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya, sai dai ba ma ji domin mun saba. In an rage rabin ta cikin bututu, ta waje za ta riƙa neman hanyar kutsawa da ƙarfin rabin kilo a kowane murabba'in santimita. Bututun mai zuƙa faɗinsa milimita 50 ne galibi, bakinsa ya kusa murabba'in santimita 20, ke nan turin ya kai na kilo 10. A gindin kowane makewayi akwai bawul na roba da ke rufe da bakin bututu. Da an danna maɓalli sai bawul ya buɗe na 'yan daƙiƙoƙi, iskar ɗaki ta afka, ta tunkuɗa ƙazanta da ɗan ruwan da aka fesa, su wuce a dunƙule kamar harsashi, bawul ya koma ya rufe. Da yake turi ne ba gangare ba, bututu yana iya hawa sama, ya bi ta rufin ɗaki, ya kewaye duk abin da ya tare masa hanya.

Tunanin ba sabo ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Charles Liernur, ya shimfiɗa bututan zuƙar ƙazanta a biranen Laidin da Amsadam a shekarun 1870, da niyyar a tara ta a sayar wa manoma taki. Makewayin da muke gani yau kuwa asalinsa daga Suwidin ne, inda Joel Liljendahl ya ƙago shi a shekarun 1950, daga baya kamfanin Electrolux ya karɓi fasahar. Daga cikin sunayen da suka shahara wajen sa shi a jiragen ruwa akwai Evac na ƙasar Finlan, da Jets na ƙasar Norwe wanda aka kafa a 1986.

Doka ma ta taimaka wajen yaɗuwarsa. A da, jirgi cikin teku yake zubar da komai. Amma yarjejeniyar hana gurɓata teku da ake kira MARPOL, wadda aka ƙulla a 1973 aka yi mata gyara a 1978, tana da sashe na huɗu a kan ƙazantar makewayi, wanda ya fara aiki ranar 27 ga Satumba, 2003. Bisa ga wannan sashe, ɗanyar ƙazanta ba a sakin ta sai an yi nisan fiye da mil 12 na teku daga gaɓa, kuma jirgin yana tafiya da saurin da bai gaza mil 4 na teku a awa ba. Wadda aka niƙa aka kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta, sai bayan mil 3. A Tekun Baltik an ƙara tsananta wa jiragen fasinja tun daga 2019. Wanda duk aka tilasta wa ajiye ƙazantarsa, lalle zai so ta zama kaɗan.

DAGA INA ƘANZO YAKE FITOWA?

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna zaton bahaya ce ke toshe bututu. Ba ita ba ce. Babban mai laifi shi ne fitsari, wanda ake gani ruwa ne tsararo.

Baligi yana fitar da kimanin lita ɗaya da rabi na fitsari a rana, kuma a cikinsa akwai giram 20 zuwa 30 na wani sinadari da ake kira yuriya. Manoman da ke cikinmu sun san sunan, domin shi ne dai farin takin zamanin nan da ake sa wa masara. Sun kuma san cewa in aka barbaɗa shi a kan ƙasa ba a binne ba, amfaninsa yakan bi iska. Dalili kuwa, a cikin ƙasa akwai ƙwayoyin bakteriya masu fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda aikinsa farfasa yuriya ya mai da ita amoniya, watau iskar nan mai hawa kai da ake ji a lungun da mutane suka mayar wurin tsugunawa. (Shi wannan yuriyes yana da matsayi a tarihin kimiyya: shi ne irinsa na farko da aka tace aka samu tsantsarsa, aikin da James Sumner ya yi a Amurka a 1926 daga wani irin wake, har ya sami kyautar Nobel a 1946.) To, abin da ke faruwa a gonar masara shi ne ke faruwa a bututun jirgi. Bakteriya suna yin wata yauƙi a jikin bututu su zauna a ciki, duk fitsarin da ya wuce su farfasa yuriyarsa.

Masana suna da ma'aunin tsami da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Bakwai ita ce tsakiya. Ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, kamar tsamiya da lemo. Sama da ita ɓangaren kanwa da toka ne. Sabon fitsari yana wajen 6, watau yana da ɗan tsami-tsami, kuma a haka ma'adinan da ke cikinsa, kalsiyam da maganiziyam da fosfet, duk a narke suke. Da amoniya ta samu sai ma'auni ya haura zuwa wajen 9. A wannan matsayi ruwan ba ya iya riƙe su, sai su fara fita suna daskarewa a jikin bututu. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai haɗin kalsiyam da kabonet, wanda shi ne farin abin da ke kamawa a gindin butar shayi in ruwan rijiyar burtsatse ake dafawa. Akwai haɗin kalsiyam da fosfet, ɗan'uwan abin da aka gina ƙashi da haƙori da shi. Sa'an nan akwai haɗin maganiziyam da amoniya da fosfet, wanda ake kira siturubait.

Shi siturubait tun ran gini tun ran zane. A 1842 gobara ta cinye babban yanki na birnin Hambag a Jamus. Da aka zo haƙa harsashin sake gina majami'ar Nikolai, sai aka tarar da wasu duwatsu masu ƙyalli a cikin tsohon jujin ƙazantar mutanen da. Wani masanin haɗa magunguna, Georg Ulex, ya bincike su ya bayyana su a 1845, ya sa musu sunan Heinrich von Struve, jakadan Rasha a birnin. Ashe tun farkon saninsa a masai aka same shi. Likitoci ma sun san shi, domin yana cikin irin tsakuwar da ke fitowa a ƙodar wanda wasu ƙwayoyin cuta suka kama wa hanyar fitsari. In mutum ya ce jirgi ciwon tsakuwa yake yi, bai yi ƙarya ba.

Me ya sa abin ya fi tsanani a makewayi mai zuƙa? Duk abin da ya sa aka so shi, shi ne kuma ya jawo masa. Ruwa kaɗan ne, saboda haka fitsari ba ya tsinkewa, kuma ba abin da ke ɗauraye bututu. Bayan dunƙulen ƙazanta ya wuce, abin da ya rage ɗan laima ne a jikin bututu, iska mai yawa tana bi ta kansa tana busar da shi, kamar dai tukunyar tuwon da aka bari a buɗe. Sa'an nan bututun siriri ne. In ƙanzo mai kaurin milimita 10 ya kewaye bututu mai faɗin 100, saura 80, hanya ta ragu da kashi 36 cikin ɗari. In kuwa bututu mai faɗin 50 ne, saura 30, kashi 64 cikin ɗari sun tafi, abin da ya rage bai fi a zura babban yatsa a juya ba. Bugu da ƙari, jikin ƙanzo kaushi gare shi, yana kama takarda da gashi da maiƙo, su kuma su zama sabon harsashi da wani ƙanzon zai hau.

Irin ruwan da ake korawa da shi ma yana da nasa hannu. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 1.3 na maganiziyam da giram 0.4 na kalsiyam a kowace lita, don haka jirgin da ke kora makewayi da shi kamar mai ƙara wa wuta itace ne. Masu zuƙa galibi ruwan daɗi suke sha, wanda jirgi yake tacewa daga na teku. Amma wani abin dariya shi ne, tataccen ruwan yakan fito salam, ba daɗin sha, kuma yana cin ƙarfe, sai a bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa don a mayar masa da ma'adinai. Watau kalsiyam ɗin da aka sha wahala aka cire, da hannu ake mayar da shi.

Alamun cutar ba ɓoyayyu ba ne ga injiniyan da ya san aikinsa. Makewayin da ya fi nisa da inji shi ke fara kasala, ya ja da kyar, ruwa ya tsaya a kwano. Toshewa ta riƙa maimaituwa a gwiwa ɗaya. Bawul ɗin da ƙanzo ya hau bakinsa ya daina rufuwa sosai, iska ta riƙa sulalewa ciki, inji ya yi ta aiki ba hutu. Kuma tun da makewayi da yawa bututu ɗaya suka haɗa, ciwon ɗaya na kowa ne. A 2011, lokacin fitar jirgin Bush ta farko zuwa aiki, jaridun Amurka sun ba da labarin lokutan da makewayinsa sama da 400 suka tsaya gaba ɗaya. Hukuma ta ɗora laifin a kan tsummoki da tufafi da sauran tarkacen da sojoji ke jefawa ciki. A watan Fabrairu na 2013 kuma, gobara a ɗakin inji ta kashe wutar jirgin Carnival Triumph a Tekun Meziko, zuƙa ta tsaya, mutum fiye da 4,000 suka yi kwanaki suna biyan bukata a leda. Wannan na biyu ba ƙanzo ne ya jawo shi ba, na kawo shi ne don a ga halin da ake shiga. A tudu in masai ya lalace akwai na maƙwabta, akwai daji. A tsakiyar teku babu ko ɗaya.

KANKAREWA

Bahaushe ya ce kanwa ta kar tsami. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta ga yadda take kumfa tana tasowa, tsamin ya kwanta. Injiniyan jirgi wannan ilmi yake aiki da shi, amma a juye: tun da kanwa-kanwar amoniya ce ta haifi ƙanzo, sai a kawo tsami ya kashe ta. In asid ya taɓa ƙanzo, ma'adinan sukan koma su narke, ɓangaren kabonet ya yi kumfa ya fitar da iska, daidai irin ta tukunyar yakuwa.

Sai dai ba kowane asid ba. Ruwan batir, wanda shi ne asid ɗin da ya fi saurin zuwa zuciyar mutanenmu, bai dace ba sam, domin in ya haɗu da kalsiyam wani sabon dutse yake haifarwa, irin wanda ake yin farin silin na ado da shi, kuma wannan ya fi na farko wuyar narkewa. Soda mai ƙuna da ake zuba wa magudanar ɗakin girki ita ma ba ta da amfani a nan. Tana cin maiƙo da gashi, amma 'yar gidan kanwa ce, ƙara wa ƙanzo ƙarfi za ta yi. Asid ɗin haidirokulorik yana da sauri ga araha, amma mugun bawa ne: yana huda ƙarfen da ba ya tsatsa da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, yana cinye rufin bututun da aka shafe da zinki, tururinsa kuma yana ƙona huhu. Inda aka yi amfani da shi sai an tsinka shi an gauraya da maganin da ke kare ƙarfe. Waɗanda aka fi yarda da su su ne masu sauƙin hali: fosforik, da salfamik, da sitirik, watau asid ɗin lemon tsami. Su ma kowanne da aibinsa. Na lemo in ya ƙoshi da kalsiyam yakan sake zubar da wani farin gari. Fosforik kuwa fosfet yake ƙara wa ƙazantar, abin da dokar Baltik take neman a rage. A ganina, wanda ya zaɓi mai saurin nan don ya gama da wuri, ya sayar da bututun shekara ashirin ne don ya sayi yini guda.

Amma zaɓen asid ba shi ne babbar matsala ba. Babbar matsala ita ce yadda za a sa shi ya daɗe a inda ake so. Ku tuna bututun nan ba cike yake da ruwa ba, iska ce a ciki, kuma duk abin da aka zuba ta kwano cikin ƙiftawar ido yake wucewa. Ɗan abin da ya saura a ƙasan bututu yake kwanciya, rufin bututun ko ɗigo bai samu ba. Ƙanzo kuwa, kowace uwargida ta sani, jiƙo yake so.

Saboda haka in ƙanzo ya yi kauri, wankin kewaye ake yi. Za a ware reshe guda, a rufe makewayin da ke kansa, a sanar da masu ɗakunan. A zura 'yar kyamara a ga kaurin abin, a kuma ɓamɓaro kaɗan a jefa a kofin asid a ga yadda yake narkewa. Daga nan a haɗa tiyo a ƙarshen reshen biyu zuwa wani tanki, a cika bututun maƙil, famfo ya riƙa juya asid ɗin yana zagayawa awa da awanni. Ana yi ana auna tsaminsa. Muddin ma'auni yana hawa, ƙanzo na cinye asid, sai a ƙara; in ya tsaya cik kuma kumfa ta ɗauke, aiki ya yi. Dole a bar wa iskar kumfar nan mafita. A nan akwai wani tarko. Bututan zuƙa da yawa cusa bakin wani ake yi cikin wani da zoben roba, kuma zuƙar ce ke ƙara matse su. In aka tura ruwa da ƙarfi daga ciki, mahaɗa tana iya saɓulewa, asid ya zubo ta rufin ɗakin wani. Don haka wasu masu wannan sana'a suka gwammace su ja asid ɗin da zuƙa maimakon su tura shi, ta yadda in akwai ɓula, iska ce za ta shiga, ba asid ne zai fito ba.

Hanya ta biyu ita ce feshin ruwa mai tsananin ƙarfi, ta tiyo mai kan ƙarfe da ke kutsawa cikin bututu yana farfasa ƙanzo. Ba ya bukatar sinadari, amma gwiwa mai kaifi tana tare shi, kuma ɓaraguzan da ya farfasa in ba a kwashe ba, gaba za su tafi su taru su yi toshewar da ta fi ta da. Wannan ne ya sa ake farawa daga kusa da tanki a yi baya, domin hanya ta zama a buɗe kafin tarkace su zo. Akwai kuma dabarar da ma'aikatan jiragen sama suka daɗe suna yi, ta zuba niƙaƙƙiyar ƙanƙara tare da ruwan khal ko wani asid mai sauƙi a kwano a danna. Ƙanƙarar tana gogar jikin bututu ko'ina, in ta gama kuma ta narke ba ta bar komai ba. Wannan tana maganin sabon ƙanzo ne kawai. Wanda ya shekara ya zama dutse, wani lokaci ba abin da ya rage sai a yanke bututu a sa sabo, kuma a jirgin fasinja ma'anar wannan ita ce ɓalle bango da rufin ɗakuna.

Bayan an gama, saura ruwan wankin. Jiragen zamani da yawa suna da injin sarrafa ƙazanta wanda wasu bakteriya masu amfani ne ke aiki a cikinsa, kuma ba sa jure tsami. In aka sako musu asid suka mutu, sai an yi kwanaki ko makonni kafin su farfaɗo, a tsakanin nan kuwa abin da jirgi ke fitarwa ya saɓa doka. Saboda haka sai an tare ruwan a wani tanki an kashe tsaminsa tukuna. Da me? Sau da yawa da sodiyam kabonet, wanda shi ne jigon abin da ke cikin kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi. Karin maganar tamu a nan ba ta bukatar fassara.

Wajibi ne in faɗi haɗarin da ke cikin aikin, domin yaranmu suna koyon aikin jirgi a makarantar Oron da wasu wurare, kuma irin wannan aiki ƙananan ma'aikata ake turawa. Asid in ya haɗu da bilic, wanda masu shara ke zubawa a makewayi kullum, iskar kulorin ke tashi, mai shaƙe numfashi. In kuma ya haɗu da tsohuwar ƙazantar da ta ruɓe ba iska, yakan saki wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Makircin wannan iska shi ne, in ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya zaci ta wuce alhali a lokacin ta fi yawa, kuma ta fi iskar shaƙa nauyi, ƙasan jirgi take taruwa inda ake aikin. A watan Satumba na 2005, a tashar Los Anjalas, ita ce ta kashe ma'aikata uku na jirgin Monarch of the Seas suna cikin gyaran wani bututun ƙazanta. Ba wankin asid suke yi ba, amma iskar ɗaya ce. Na'urar auna iska, da abin rufe ido da safar hannu, da mutum guda da zai tsaya a waje yana lura, ba ado ba ne.

HANA SHI KAMAWA

Jiragen da ba sa shan wannan wahala su ne waɗanda suka mai da abin al'ada. Akan ɗaura ɗan famfo a ƙarshen kowane reshe, wurin makewayi mafi nisa, yana ɗiga asid mai sauƙi kaɗan-kaɗan, ko kuwa mai shara ya zuba awo guda a kwano da dare lokacin da zirga-zirga ta ragu, domin ya kwana a lungunan bututu. Ɗan kaɗan irin wannan injin sarrafa ƙazanta yana iya jurewa. Wurin fitsarin maza na tsaye shi ya fi bukatar kulawa, tun da abin da ke bin bututunsa kusan tsantsa ne. Maƙeran jirgi ma da nasu rabon: gwiwa mai lanƙwasa a hankali maimakon mai kaifi, da ƙofofin dubawa inda hannu zai kai. Abin da ke hana a yi duk wannan ba jahilci ba ne. Kuɗin ɗiga asid kullum yana fitowa a lissafin bana, kowa yana gani. Ƙanzon kuwa a ɓoye yake bayan bango, kuma kafin ya toshe wataƙila an canza injiniya sau biyar, ko ma an sayar da jirgin.

Akwai wani abu guda game da siturubait da ba zan so in bari ba. In aka auna shi, kusan kashi 6 cikin ɗari naitirojin ne, kusan kashi 13 fosfaras, kusan kashi 10 maganiziyam, dukkansu abincin shuka, kuma da yake a hankali yake narkewa, ruwan sama ba ya wanke shi lokaci guda. A matatar ƙazantar birnin Amsadam, inda shi ma ya riƙa toshe musu bututai, tun shekarun 2010 suka koma ƙara wa ƙazantar maganiziyam da gangan a cikin wani tanki na musamman, domin dutsen ya daskare a can maimakon cikin bututu, su kwashe a kai wa masu yin taki. Birnin da Liernur ya so ya sayar wa manoma ƙazantarsa ke nan a shekarun 1870.

Shugaba, a nan zan dakata, in da masu tambaya.